Gadon da Matata ta Kwance a Tsakar Gida

Assalamu alaikum, masu kula da wannan mujalla da ƴan'uwana masu karatu. Na daɗe ina karanta abin da ya sami wasu a wannan fili, yau na ce bari in sauke nawa, ko wani ya tsinci abin amfani a ciki.

A lokacin da abin ya faru ni malamin kwantaragi ne, ina koyar da Ingilishi a wata kwaleji a nan Gure. Ba zan ɓoye muku ba, ina ji da kaina ƙwarai. A garin da yawancin ƴan boko Faransanci suka iya, mai Ingilishi a bakinsa abin kallo ne, ni kuwa ban taɓa ƙin a kalle ni ba. In na bi ta gaban shagunan ƴan kasuwar da suka zo daga Najeriya sai su tare ni da gaisuwar Ingilishi, ni kuma in tsaya in yi ta zuba har sai na ga mutane sun waiwayo. Matata ƴar Kelle ce, ta iya Kanuri ta iya Hausa, amma karatun boko firamare ma ba ta ƙarasa ba. Nakan zolaye ta da wannan a gaban baƙi, in jefa mata magana da Ingilishi, ita kuma ta yi murmushi ta ce Mushe ya fassara wa talakawa. Mushe take kirana, wato malam a bakin masu Faransanci, kamar yadda ɗalibai suke kirana, rabi girmamawa rabi tsokana.

Wata Asabar na je suna Bune a kan moto, wato babur. A dawowa rana ta take, hular kwanona tana rataye a hannun moto, don na sa sabuwar hula mai aiki kuma ba na so ta lanƙwashe. Wani jaki ya faɗo hanya, na kauce masa, tayar gaba ta nutse cikin yashi. Abin da na sani ke nan. An ce masu wata mota ne suka kwashe ni zuwa asibitin Gure, daga nan aka wuce da ni Damagaram. Da na farfaɗo, Kanurin da mahaifiyata ta yi mini reno da shi ne ya fara zuwa bakina, Hausa ta biyo baya, Faransanci ya zo yana ɗingishi. Ban lura akwai abin da bai zo ba sai da muka dawo gida. Wani ɗan kasuwa abokina ya zo duba ni, ya gaishe ni da Ingilishi kamar kullum. Na gane abin da ya ce sarai, na buɗe baki in amsa, babu komai. Na yi tari, na ce kaina ke ciwo, ya yi mini addu'a ya tafi. Matata tana bakin ƙofa da butar shayi a hannu, ta ga komai.

Ranar na sa ta yi mini alkawari ba za ta gaya wa kowa ba, ko danginta. Likitan da ya duba ni ya ce in na ga wani canji a magana in koma, amma na ƙi komawa, don a ganina in labari ya fita na gama yawo. Malamin kwantaragi ba shi da gindin zama. Daraktanmu mutumin kirki ne, ya ce in huta har a dawo daga hutu, amma ya gaya mini gaskiya cewa sufeto zai zo ya zauna a ajina ya ga ko na warke, in ba haka ba za a turo wani. Ni ban iya noma ba, ban iya kiwo ba, ban iya ciniki ba. Ajin nan shi ne kaɗai abin da na iya a duniya. Darasin da na tsaya a kansa kuwa, wanda zan ci gaba da shi a gaban sufeto, na kalmomin rabuwa ne da watsewa da hargitsi da kwance abu.

Na rufe kaina a ɗaki da littafi da ƙamus. In na kalli kalma ina gane ta, har ma'anarta zan iya faɗa da Hausa, amma da na rufe littafin sai ta sulale. In maimaita ta tun safe, kafin azahar ta tafi. Sufeto kuwa ba karatu zai zo ji ba, so yake ya ga malami yana magana da ɗalibai. Na zama mai saurin fushi. Abinci ya yi gishiri, yara sun cika surutu, takalmina ba ya inda na ajiye. Duk a kan matata nake saukewa, kuma ina tunawa da kunya cewa akwai ranar da ta tambaye ni ko da abin da za ta taimaka, na ce mata wanda bai san baƙi ba me zai taimaka wa malami da shi. Ta ɗauki faifanta ta fita.

Bayan kwana biyu ina zaune a inuwa, ta shanya gero a tabarma, sai awakin maƙwabta suka turo ƙofar zana suka afka masa. Na zabura ina daka musu tsawa, suka watse ta ko'ina, gero ya tarwatse a ƙasa. Cikin ihun nan kalmar scatter ta fito daga bakina, ni kaina ban san ta fito ba. Ita ce ta ji. Ta bar geron a yashi, ta zo ta tsaya a gabana ta ce in sake faɗin abin da na faɗa. Na kasa. Sai ta damƙi gero ta watsa a gabana, kalmar ta sake fitowa. Ta ce to, ta gane, kan Mushe ba ya son takarda yanzu, ido yake so. Ta ce in gaya mata da Hausa duk abin da ke cikin darasin, ita ta san yadda za ta yi.

Wallahi ban taɓa ganin mutum ya ɗauki abu da gaske irin yadda ta ɗauki wannan ba. Gidan da take sharewa tun asuba, wanda ko tsinke ba ka gani a ƙasa, ita da hannunta ta shiga hargitsa shi. Ta zuba wake da gyaɗa a ƙwarya ɗaya, ta zauna a gabana tana ware su, ba ta daina ba sai da separate ta zo bakina. Ta zazzage akwatin kayan yara ta cakuɗa su da tukwane da takalma, ta tsaya ta riƙe ƙugu ta ce wannan fa, har disorder ta fito. Ta kwance igiyar rijiya, ta warware kitson ƴarmu, ta cire marfin tukunya daga tukunya. In kalma ta zo sai ta maimaita ta da irin nata lafazin, ta karkace ta yadda dole in yi dariya in gyara mata, kuma daga baya na gane da gangan take karkacewa, don gyaran da nake yi shi ke sa kalmar ta zauna. Ga ta da tambaya. Ta ce in mutane sun tashi daga kasuwa kowa ya kama gabansa, da in an kore su da bulala, kalma ɗaya ce? In aka raba faɗa, da in aka raba gado, da in miji da mata suka rabu fa? Ina ƙoƙarin yi mata bayani sai na ji muryata ta aji tana dawowa kaɗan-kaɗan. Da yamma kuma ita kaɗai take mayar da komai wurinsa, don ni har lokacin sunkuyo yana sa ni jiri.

Kalma ɗaya ta gagara, ita ce dismantle, wato a kwance abu gaɓa-gaɓa cikin tsari, ba fasawa ba, ba lalatawa ba, yadda in an so za a iya mayar da shi. Na yi mata bayani, ta duba gidan ta ga ba mu da wani inji. Sai ta aro sifana wurin mai gyaran moto, ta fito da gadon ƙarfenta na aure, wanda iyayenta suka yi mata jere da shi, ta kwance shi a tsakar gida inda akwai haske. Ta jera ƙafafu gefe, ƙarafa gefe, notuna a cikin kwano. Kalmar ba ta zo ba. Ta haɗa shi, washegari ta sake kwancewa. Haka ta yi ta yi.

Mu biyu ba wanda ya tuna cewa katangarmu ta zana ce. Kowa ya san abin da ake nufi in aka ga gadon mace a kwance a tsakar gida, da akwatuna a zazzage, da miji da ba ya fita yana ta faɗa. Magana ta zaga unguwa cewa na sake ta, tana haɗa kaya. Matan da take haɗuwa da su wurin ɗiban ruwa suka riƙa yi mata jaje, wasu suna cewa dama tunda mijin ya bugu a ka sai a hankali. Duk wannan ba ta gaya mini ba. Labari ya kai Kelle, ranar kasuwa sai ga gwaggonta, yayar mahaifinta, wadda duk danginsu ke shakka, ta sauko daga mota ta shigo ta tarar da gadon a warwatse.

Ina cikin ɗaki ina jin su. Gwaggo ta tambaye ta me ke faruwa, ta ce ba komai, gyara take yi. Gwaggo ta ce ita ba yarinya ba ce, an gaya mata gadon nan ba yau aka fara kwance shi ba, in an sake ta ta faɗa, in kuma wulaƙanci ake yi mata ta faɗa, su ba su rasa abin ciyar da ita ba. Ta ce mata ta zubar musu da mutunci a garin mutane, ta ɗauko mayafinta su tafi. Na ji matata ta fara kuka, tana cewa Gwaggo ta yi haƙuri, ba za ta tafi ba, kuma ba za ta iya faɗin dalili ba. Kalma ɗaya za ta faɗa ta wanke kanta, amma ta yi mini alkawari. A nan ne na ga kaina yadda nake. Ni ina ɓoye a ɗaki ina tsaron sunana na mai Ingilishi, ita tana waje ana yaga nata sunan na matar aure saboda ni.

Na fito na durƙusa na gaida Gwaggo, na gaya mata komai, da ƙarfi yadda na bayan zana ma za su ji. Na ce harshen da nake ci da shi ne ya ɓace mini, matata ce take nemo mini shi. Gwaggo ta kalli ƙarafan, sannan ta ce to wane irin yare ne wannan da ba ya shiga kai sai an kwance gadon mutane. Matata ta yi dariya cikin hawaye, ni ma na yi. Gwaggo ta kwana biyu, ita ce ma ta tilasta mini komawa Damagaram, inda likita ya yi mini faɗa kan jinkirin da na yi, ya ce mu ci gaba da abin da muke yi a gida. Kalmar nan ta dismantle ta zo daga baya, wata safiya, ina riƙe wa matata ƙafar gado tana juya noti.

Kafin ranar sufeto na je na gaya wa darakta gaskiya. Ranar kuwa na shiga aji da ƙwaryar wake da gyaɗa da sifana, na sa ɗalibai suka ware, suka watsa, suka kwance benci ɗaya suka mayar. Sau ɗaya kalma ta maƙale mini. Da can da na mutu don kunya, amma sai na ce musu Mushe ya yi haɗari, wani lokaci kalma takan ɓuya, wa zai taimaka. Hannuwa suka tashi. Sufeto ya yi rubutunsa ya tafi, aka bar mini ajina, kuma har yau ina cikinsa, ko da yake Ingilishina bai koma da gudun da yake da shi ba.

Ƴan'uwa masu hawa moto, ku sa hular kwano a kanku, hula mai aiki ana sake sayen wata. Wanda ya bugu a ka ya ga canji a maganarsa ko tunaninsa, ya koma asibiti da wuri, kada ya yi irin wautata. Kuma kada ka ɗora wa iyalinka sirrin da zai sa su sha kunya don kai ka tsira da taka. Mafi girma, ku maza masu ɗan karatu, ku daina raina matanku don ba su zauna a aji ba. Na nemi gafararta, ta ce ita ba ta riƙe ni da komai ba, sai dai in saya mata sabbin notuna don na gadon sun gaji. Har yau ba ta iya gaisuwa da Ingilishi ba. Abin da ta iya kaf kalmomin rabuwa ne da watsewa da wargajewa, ita da ta hana gidana watsewa.