Malam Ummaru da Ɗan Wasan Aro

Malam Ummaru mutumin Gozaki ne, ɗan manoman auduga, dogo, mai faɗin tafin hannu. Shi kaɗai aka sa a boko a gidansu, ya kuma yi ƙoƙari har ya shiga wata kwalejin horon malamai da ke tsakanin Funtua da Malumfashi. A can ya haɗu da Mista Oluwole, malamin wasanni, ɗan wani Bayarabe mai sayar da atamfa. A Funtua aka haifi Oluwole, Hausa kuwa a bakinsa sai ka rantse Bakatsine ne. Shi ya sa Ummaru tsaron gida a wasan ƙwallo, ya koya masa yadda ake faɗuwa ba a karye ba. Da Ummaru ya gama karatu, Oluwole ya tsaya masa aka bar shi yana koyarwa a firamaren gwaji ta kwalejin, da la'asar kuma yana taya shi aiki a fili.

A shekarar 1963 aka yi wa Oluwole canjin wurin aiki zuwa Zariya, aka miƙa wa Ummaru usur da buhun ƙwallaye. Tun ba a yi mako ba magana ta fara dawo masa: wai Oluwole ya tafi, ƙwallo ta tafi da shi. Har malamai 'yan uwansa suna faɗa a gabansa suna dariya. Abin ya ci masa rai. Ya riƙa hawa keke zuwa Bakori da Ƙarfi yana duba 'yan aji bakwai, yana roƙon hedimastoci su tura masu ƙafa jarrabawar shiga kwaleji. Wannan aiki ne mai kyau, amma sai bayan shekaru za a ga amfaninsa, shi kuwa kofin bana yake so.

Ɗan gaban da yake taƙama da shi shi ne Hussaini, ɗan Malam Lawal na Bakori. Hussaini ya je hutun damina, kurkunu ya kama shi, ƙafa ta kumbura, ya kasa dawowa. Da ƙyar sauran suka lallaɓa suka kai wasan ƙarshe na gasar kwalejoji, wanda za a buga a Funtua da wata kwaleji daga wajen Kano.

A yawon nan nasa na keke Ummaru ya taɓa ganin wani manomi a Ƙarfi, Shitu, magidanci mai 'ya'ya biyu, yana buga ƙwallo ba takalmi a bayan kasuwa. Bai taɓa ganin ƙafar hagu irin tasa ba. Ana saura kwana huɗu ya same shi a gona yana yankan dawa.

"Wasa ɗaya kawai za ka buga mana," in ji Ummaru. "Duk wanda ya tambaye ka, sunanka Hussaini."

Shitu ya aje lauje ya ce, "Malam, ba laifi a ciki?"

"Ba komai. Haka ake yi ko'ina."

Ya kai shi wurin wanzami aka aske masa gemu, ya ba shi rigar Hussaini mai lamba tara. Sannan ya tara 'yan wasansa ya ce kowa ya kama bakinsa. Shugaban kwalejin sabo ne, bai gama sanin fuskokin ɗalibai ba.

Ranar wasa fili ya cika. Shitu ya yi rabin farko yana ɗingishi cikin takalmin da bai saba ba. Da aka dawo daga hutun rabin lokaci ya cire ya yar, cikin minti goma ya ci biyu. Aka tashi biyu da ɗaya. Ɗalibai suka ɗaga Ummaru sama, babban baƙo ya miƙa kofi, ya ce yana so ya gaisa da Hussaini Lawal, gwarzon yau. Shitu ya tsaya yana waige-waige har sai da wani ya tura shi gaba.

Ummaru na sauka daga kafaɗun ɗalibai sai ga Oluwole tsaye a gabansa, da lema a hammata. Ashe motar kasuwa ya hau daga Zariya don ya ga tsofaffin ɗalibansa, bai gaya wa kowa ba. Shekara biyu ya yi yana koya wa Hussaini ƙwallo.

Ummaru ya rusuna. "Sa, yaushe a gari?"

"Tun da hantsi." Oluwole ya dubi inda Shitu yake. "Ummaru, Hussaini ya ƙara tsawo. Ya kuma koma bahago."

Oluwole ya gyara riƙon lemarsa ya ci gaba.

"Ba zan gaya wa kowa ba, ba aikina ba ne yanzu. Ni dai na zo ne in gan ka." Ya juya ya nufi tasha. An yanka rago a kwaleji ranar, Ummaru ko loma bai iya kaiwa baki ba.

Maganar ba ta ɓoyu ba. Wani ɗan kasuwa da ya saba sayen dawa a hannun Shitu ya gane shi, ya faɗa wa mutanen Kano, su kuwa suka rubuto ƙara. Shugaban kwaleji ya kira Ummaru ofis. A nan ne ya yi abin da ya fi na farko muni. Tsoron rasa aiki ya kama shi, ya ce Hussaini ne ya aiko mutumin da rigarsa, ya ce wansa ne, tsohon ɗalibi ne, shi kuwa ya yarda ba tare da bincike ba. Shugaba ya yi masa faɗa, sannan ya rubuta takardar korar Hussaini.

Bayan kwana shida, da azahar, Ummaru na zaune a ƙofar ɗakinsa sai ya hango wani dattijo yana jan jaki. A kan jakin Hussaini ne, ya rame, ƙafarsa ɗaure da tsumma. Tun asuba suka baro Bakori. Malam Lawal ya yi sallama, ya cire takalmi, ya tsuguna a gaban Ummaru, wanda a haife ya haife shi.

"Baba, don Allah tashi, ga tabarma."

"Bar ni nan, Malam. Takarda aka aiko, an karanta mana, ba mu gane ba. Yaron nan wata uku bai taka ƙofar gida ba. Ya ce mini duk makarantar babu mai ƙaunarsa kamar kai, shi ya sa muka fara zuwa wurinka. Ka taimaka ka yi mana magana da shugaba."

Hussaini ya ce daga kan jaki, "Malam, na ji an ci kofi. Na yi murna ƙwarai."

Ummaru ya matso kusa da dattijon. Sannan shi ma ya durƙusa, ya gaya musu komai, tun daga gonar Shitu har zuwa abin da ya faɗa a ofis. Malam Lawal bai zage shi ba. Ya miƙe, ya sa takalminsa, ya ce, "To, Malam, mu je ka faɗa masa yadda ka faɗa mana." Haka suka ratsa tsakiyar kwaleji, Ummaru a gaba, dattijo da jaki a baya, ɗalibai na leƙe ta tagogi.

Aka mayar da kofi, aka hana kwalejin shiga gasa shekara biyu. Aka janye korar Hussaini. Ummaru kuwa aka tura shi firamaren garinsu, aka kawo wani malamin wasanni daga Katsina.

A Gozaki ya zauna, yana koyarwa da safe, yana noman audugarsa da yamma. Ya yi aure, ya zama malami mai haƙuri wanda iyaye ke yabo. Sau biyu hedimasta yana roƙonsa ya riƙe wasanni, yana cewa a ba wani. Ya je Ƙarfi ya nemi gafarar Shitu, wanda har lokacin mutanen kasuwa ke tsokana da sunan Hussaini. Ya kuma rubuta wa Oluwole wasiƙa sau uku yana yagewa, ta huɗu ya aika, amsa ba ta zo ba, bai kuma san ko ta isa ba.

Hussaini ya gama kwaleji a 1966, bai sake buga ƙwallo ba domin ƙafar ba ta koma daidai ba. Aka tura shi koyarwa kusa da Gozaki, kuma duk sallah sai ya zo gaida tsohon malaminsa. Ummaru yakan sa a kawo masa fura, su yi hirar damina da farashin auduga, amma har baƙon ya tashi idon Ummaru na kan tabarma.