Yatsan Chibuike

Chibuike mai injin niƙa a Zuru ya tsufa yana koyarwa a coci. Kullum yakan ce ranar tashin matattu Allah zai tattaro kowane ƙashi, ko da kifi ne ya haɗiye shi. Amma da injin ya datse masa ɗan yatsa, sai ya naɗe shi a farin ƙyalle ya binne a bayan shago.

Da ƙarfinsa ya ƙare, ɗiyarsa Chidinma ta zo mayar da shi garinsu a kudu. Ya ce ba inda za shi ya bar yatsansa.

"Baba, ba kai ka ce Allah zai tattaro komai ba?"

"Zai tattaro mana," in ji shi. "Amma don me zan ƙara masa aiki?"