Dakyanus Yana Hannun Bakano

Ranar Alhamis, 27 ga Muharram 1428, daidai da 15 ga Fabrairu 2007, da hantsi, Allah Ya karɓi abinSa. Alhaji Ousseini Sanda, mutumin Damagaram mazaunin McLeansville, ya rasu a asibiti nan Greensboro ta Amurka bayan jinyar kwana huɗu, yana da shekara sittin da ɗaya. Daga Allah muka zo, kuma wurinSa kowa ya nufa. Ina wurin aiki, ina loda kwalaye a bayan tirela, aka kira ni a waya. Na ajiye kwalin da ke hannuna, na zauna a kansa, ina nan zaune har mai kula da mu ya zo yana tambaya ko ciwo na ji.

Ni ne Ɗantala. Waɗanda suka san ni za su yi mamakin ganin sunana a rubutun ta'aziyya, domin ba a san ni da zama shiru ba, balle kuka. Ni ne mai ɓoye takalmi ɗaya a ƙofar masallaci. Amma Alhaji, akwai maganar da ban samu na faɗa maka ba, kuma ta hana ni sakat.

Shekara biyar ke nan da ka ɗauko ni a tashar bas, ban san kowa ba, jakata ɗaya, lambar wayarka rubuce da ajami a bayan takarda. Da ka ji daga Kano nake, sai ka tsaya ka kalle ni daga sama har ƙasa, ka ce, “To, Allah Ya kawo mini bawana har Amurka.” Na ce, “Baba, ai bawa ne ke tuƙa ubangidansa, ga shi kuwa kai ke riƙe da sitiyari.” Ka yi dariya har ka wuce kwanar gida. Daga ranar wasan Kanawa da Damagarawa ya ƙullu tsakaninmu, duk da a shekaru ka haife ni.

Wata biyar na yi a gidanka. Hajiya Fassouma ba ta taɓa bambanta kwanona da na 'yarku Mounira ba. Kai ka nema mini aiki, kai ka kai ni filin ajiye motoci ranar Lahadi ka koya mini tuƙi, na murƙushe maka fitila ta baya, ba ka ce komai ba sai, “Bon, haka Kanawa ke yin fakin.” Ba ni kaɗai ba ne. Duk wanda ya sauka garin nan daga Nijar ko Nijeriya ya san tabarmar falonka. In an yi rasuwa, kai ne mai wanka, kai ne mai bin ofisoshi har a samu takardar binnewa, ko da ka fito daga shif ba ka huta ba.

A Damagaram kai malamin lakwal ne, wato makarantar boko, tarihi kake koyarwa. A nan kuwa kujeru kake harhaɗawa a masana'anta, ba ka taɓa kukan hakan ba. Abin da ya rage maka na malanta shi ne akwatin nan na katako mai aljihu shida, inda kake ajiye tsoffin kuɗin sarakunan Rum. Sun haura ɗari. Kowanne da gurbinsa da 'yar takardarsa: sunan sarkin, shekarun da ya yi, da yadda ya ƙare. Wasu na tagulla ne sun yi kore, wasu azurfa ne sun yi baƙi. Ranar da na fara ganinsu na ce, “Baba, ka bar dala mai sayen burodi kana tara kuɗin da masu shi suka mutu?” Ka ce, “Masu dalar ma za su mutu. Zauna.”

Na zauna. Ni makarantar allo kaɗai na yi, baƙin boko ko ɗaya ban sani ba. Ka ɗora mini kwabo a tafin hannu, ka ba ni madubin ƙara girma, ka ce baƙaƙen da ke zagaye da kan sarkin su ne dai na boko, daga wurin mutanen nan aka gaje su. A jikin kuɗin Rumawa na koyi A da V da G. Wannan rubutun da nake yi yau, a bakin akwatinka aka fara shi.

Ba kowa ne ya fahimce ka ba. An yi ta ƙananan maganganu a masallaci, wai ina Alhaji ina tara kawunan sarakunan da ba su yi salla ba. Da maganar ta iso ka, ba ka yi fushi ba. Ka ce, “Wannan ya mallaki ƙasashe daga teku zuwa teku, yau ga shi a ambulan, ina rufe shi da yatsa ɗaya. In akwai wa'azin da ya fi wannan, a kawo mini.”

Akwai guda ɗaya da ka fi so. Azurfa ce 'yar ƙarama, ta yi duhu kamar gindin tukunya, da kan wani sarki mai hula mai tsinkaye. Ka ce Turawa na kiransa Decius, shi ne kuma wanda malamanmu ke kira Dakyanus, sarkin da samarin nan na kogo suka guje wa da imaninsu. Ka ce tun kana yaro, duk lokacin da karatu ya zo inda suka farka suka aiki ɗayansu birni da azurfarsu ya sayo abinci, kake son ganin irin kuɗin. Ba ka taɓa cewa ita ce ainihin tasu ba. Cewa kake, “Irinta ce. Ya ishe ni.” Da ita ka fara tarin, shekara goma sha ɗaya da suka wuce.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Kowace shekara ranar goma ga Muharram nakan zo karɓar kuɗin shara, kamar yadda abokan wasa ke yi a gida. Bana da na zo bayan la'asar, sai ka sa hannu a aljihu da nauyi kamar za ka fitar da abin kirki, ka miƙo mini dala ɗaya ta sefa, kuɗin can gida, wadda ko a Damagaram ba ta sayen goro. Ka ce, “Daidai darajar Bakano.” Hajiya na dariya daga kicin. Da ka tashi alwala, na jawo aljihun akwatin na biyu, na ɗauke Dakyanus, na ajiye dalar sefa a gurbinsa. Niyyata in bar ka ka yi cigiya kwana biyu, sannan in dawo maka da shi.

Da na tsaya nan, da wasa ne. Amma da na je gida na dube shi, sai na ga baƙin nan ya yi yawa. Na tuna yadda mahaifiyata ke fitar da warwaronta na azurfa da toka da lemun tsami. Na ce bari in nuna wa Badamagare yadda Kanawa ke riƙe sarki. Na ɗebo toka a murhun gashi, na matse lemo, na dirje shi gaba da baya har ya yi fari fat yana ɗaukar ido. Wallahi, Alhaji, alheri na ɗauka na yi.

Ranar Asabar na kai shi garin Summerfield wurin Malachy, tsohon Baturen nan abokinka da kuke haɗuwa a taron masu tara tsoffin kuɗi, don ya taya ni tsokanarka. Ya sa madubi a ido, ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago, ya tambaye ni wa ya yi wannan. Ya ce baƙin da na kankare ba datti ba ne, shekaru ne, shi ne shaidar tsufan kuɗin, masu tarawa shi suke nema. Ya nuna mini ƙarce-ƙarcen da toka ta bari a kumatun sarkin. Abin da ya taru cikin shekara dubu ɗaya da ɗari bakwai da wani abu, na wanke shi kafin shayi ya huce.

Daga nan tsoro ya kama ni. Juma'a ta zo, muka haɗu a ƙofar masallaci, ka riƙe hannuna ka ce, “Bakano, ya sarauta?” Na yi yaƙe na zame. Na ce sai wani mako, in na samu bakin magana. Ranar Lahadi ka faɗi a tsakar falo. Na zo asibiti kullum, azurfar na aljihuna, amma harshenka ya riga ya riƙe, ni kuma nawa ya ƙi motsi. Da liman ya ce a wurin jana'iza duk mai wani haƙƙi tsakaninsa da mamaci ya fito ya faɗa, ina sahu na biyu, na sunkuyar da kai. Malachy na can gefe, hula a hannu. Ya kalle ni sau ɗaya.

Kwana bakwai na yi da sanin cewa abin da ke aljihuna ya tashi daga wasa, ya zama dukiyar magada. Ranar sadakar bakwai, da mutane suka ragu, na durƙusa gaban Hajiya, na ajiye shi a kan tabarma, na faɗi komai. Ta dube shi, ta dube ni, ta ce, “Ɗantala, kai dai ba ka girma.” Sannan ta ce wa Mounira ta ɗauko akwatin.

A gurbin Dakyanus dalar sefa na nan. Amma an canja takardar da ke ƙarƙashinta. Sabuwa ce, da rubutun hannunka, manyan baƙaƙe irin na jikin kuɗin Rumawa, yadda ka san zan iya karantawa. Hajiya ta ce in karanta da kaina.

“DAKYANUS YANA HANNUN BAKANO. SHARARSA CE TA BANA, NA BAR MASA HALAK MALAK. AMMA KADA YA WANKE SHI.”

A ƙasa ka sa kwanan wata: sha ɗaya ga Muharram. Ashe tun washegari ka gani. Ashe ka san ni har ka san abin da hannuna zai yi. Hajiya ta yi dariya da hawaye a fuskarta, dariyarta ta farko tun rasuwar, ta tura mini shi da yatsa ta ce, “Ɗauki abinka. Mu ba mu da haƙƙi a ciki.”

Ɗaukar da na yi ka yafe tun kafin in roƙa. Wankin ne ban samu na roƙe ka ba, shi ya sa nake roƙo a nan, gaban duk wanda zai karanta: Alhaji, na wanke shi. Ka yafe mini.

Na koma wurin Malachy na tambaye shi ko akwai gyara. Ya ce ƙarcen ba ya gogewa, amma duhun yakan dawo da kansa in an sa shi a takarda an ƙyale shi, wataƙila shekara talatin, wataƙila fiye. Na sa shi a ambulan tare da takardarka. Ni da ban taɓa barin abu ya zauna lafiya ba, wannan zan bar shi.

Allah Ya jiƙan Alhaji Ousseini Sanda, Ya yafe masa kamar yadda ya yi ta yafe mana, Ya yalwata kabarinsa, Ya haskaka shi, Ya tashe shi cikin bayinSa na gari. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Fassouma da Mounira, da 'yan'uwa na Damagaram, da duk wanda ya taɓa kwana a tabarmar falon nan. Allah Ya ba mu haƙurin rashi, Ya sa mu cika da imani idan tamu ta zo. Amin.

Ɗantala, bawan da ka ɗauko a tasha
Greensboro