Nomau da Jiragensa Marasa Matuƙi

Na Allah ne mu, wurinSa kuma za mu koma. Ranar Talata, sha biyu ga watan Agusta 2025, bayan azahar, Allah ya karɓi ran taubashina, Malam Nomau mai gyaran rediyo na kasuwar Cadawa, haifaffen Tibiri. Mun sallace shi da la'asar, ana yayyafi.

Nomau, mutane sun san ka da rediyo, amma ni na san ka da jirage. Tun kana saurayi, lokacin da ka yi aikin shara a filin jirgi na Yamai, jiragen yaƙi suka shiga ranka. Sufyanu direba ne ke tsinto maka kwalayen irinsu na wasa cikin kayan gwanjo, 'yan gutsattsarin roba da ba su kai farce ba. Ka zauna da hantsaki da gam da reza, ka haɗa fiffike da gangar jiki, ka goge bakin haɗin har yatsa ba ya jin sa. Da gashin wutsiyar akuya kake yin buroshi, har baƙin hayaƙi kake zana musu a baya. In ka gama, ka rataye su da zare a azarar ɗakinka. Nakan ce maka, “Ga mai jirage fal ɗaki, amma zuwa Gidan Sori sai a amalanke.” Kai kuwa ka ce gara kai, ni ko jakin ba ni da shi.

Tsofaffi da yawa ka gyara wa rediyo ka ce su je kawai. Ranar da Hamdiya 'yata ta kwanta rashin lafiya, a bakin gidan likita ka yini, ko shago ba ka buɗe ba.

Abu ɗaya ne ba ka taɓa yi ba. Kowane kwali na zuwa da ɗan mutum-mutumin matuƙi, amma ba ka taɓa zaunar da shi a jirgi ba. Ka ce malaminka na Tibiri ya karantar da kai cewa wanda ya ƙera siffar mai rai, ranar ƙiyama za a ce ya hura mata rai. “Audu, nawa ran ma aro ne,” haka ka ce mini. Shi ya sa jiragenka duka kujerunsu wayam. Ni dai ban taɓa son zama ni kaɗai a ɗakin nan ba, don sukan juya a hankali ko babu iska.

Bara ɓarin jikinka na dama ya shanye. Jirgin ƙarshe ya zauna a kan tebur rabi da rabi, an rufe shi da ƙyalle.

Washegarin sadakar uku, da hantsi, matarka Zulai ta aiko in zo, don tana takaba. Ta buɗe ɗakin jiragen, ta ɗage ƙyallen. Jirgin ya kammalu, fenti ya bushe, an liƙe gilashin sama. A ciki kuwa ga matuƙi zaune. Na kai jirgin bakin ƙofa wurin haske, na duba matuƙin. An yi wa fuskar fenti, da zanen Gobirci a kumatu, har da tabon da ke saman girarka ta hagu.

“Malam Audu,” in ji ta, “tun da ya kwanta, ni ke ba shi fura a baki. Cokali ma ba ya riƙewa. Makullin ɗakin nan kuma a ɗaure yake a haɓar zanena.”

Ban tambaye ta wa ya yi ba, ita ma ba ta tambaye ni ba. Abin da ya hana ta sukuni shi ne kada a tsare ka ranar ƙiyama a kan wannan. Na je wurin liman, ya ce a raba kan da jikin, siffar ta ɓaci, sauran a bar wa Mai rahama.

Da na dawo na fasa gilashin, na ciro matuƙin, na ɗora reza a wuyansa. Wallahi Nomau, na kasa. Mun yi wasa da kai tun muna tsirara, yaya zan yanka fuskarka?

Zulai ta miƙo hannu daga cikin mayafi ta karɓi rezar.

“Tun ina yarinya nake wanke masa abin da ya ɓata,” ta ce. “Wannan ne na ƙarshe, ba zan bar wa wani ba.”

Ta yi bisimilla ta yanke. Sai a lokacin ta fashe da kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza.

Ya Allah, ko hannun bawanka ne ya yi, ko ba nasa ba, Kai ka sani. Ka yafe masa, kada ka tambaye shi ran da ba shi da shi. Ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi, ka sa Aljanna ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Zulai, da 'ya'yansa Hafiza da Yahaya, da dangi na Tibiri da Cadawa. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa, ya kyautata namu ƙarshen. Amin.