Gurbin Sunan Mawallafi

Tun da aka kawo ruwan noman rani ƙauyenmu, ƙasar ɗakunanmu ba ta ƙara bushewa sosai ba. Kanal ɗin da ke kai ruwan gonaki ya bi ta bayan katangarmu, danshi kuma yana hawa bango a hankali, har a bazara. A ɗakina adakar littattafan Baba take, don da ya rasu ni aka ba ajiyarta. Rubutun hannu ne duka, warƙa-warƙa cikin gafaka, ba ɗinki, ba bango.

Baba ba ya kiran littafi da sunansa. Sai ya ce, "Miƙo min na malamin Madobi," ko "wanda na kwafa shekarar da aka haife ki." Haka na san su ni ma.

Da na fara jin warin ruma idan na buɗe adakar, sai na aika wa malamar da ke kula da laburaren makarantarmu lokacin ina sakandare. 'Yar Filato ce, ta koma aiki laburaren wata kwaleji a birni. Ta zo ranar wata Asabar da kwamfuta a jaka, ta ce suna da ɗaki busasshe. Yayana, wanda maganar gado ke hannunsa, ya yarda, amma da sharaɗi: kowane littafi a ba shi lamba a gabansa kafin ya fita daga gidan.

Muka shimfiɗa tabarma. Na ɗauko gafakar farko.

"Wa ya wallafa?" in ji Malama.

Na ce ban sani ba, Baba dai ya kwafa a Madobi.

Ta danna, ta sake dannawa. "Ƙanwata, kin tuna katinan nan namu na cikin durowa? A kati sai in rubuta ba a san mawallafi ba, shi ke nan. Wannan abin kuwa, in gurbin suna ya zauna fayau, ba ya ba da lamba. Ga gafaka ɗaya littafi uku a ciki, shi kuma ɗaya yake ganewa."

Yaya ya yi dariya. "To ki sa sunan Baba mana, Malama. Wa zai kai ƙara?"

Ta dube ni. Baba ko hadisi zai faɗa sai ya ce daga wa ya ji. Yanzu yana kabari, mu ɗora masa abin da bai ce nasa ba ne?

"Yaya, ka yi haƙuri," na ce. "Kwafa ya yi."

"Malama ƙarama!" in ji Yaya. "To ki ba littattafan aron hancinki su sha iska."

Na roƙe shi ya bari a tafi da su haka, ba lamba. Ya ce littafin da ba lamba, gobe wani ya ɗauke, wa za a tambaya? Ban ga laifinsa ba. Malama ta rufe kwamfutar, ta ce ta ji ana maganar sabon tsari, wanda zai ba mai kwafa gurbinsa daban, har da malamin da aka karɓa a wajensa. Yaushe? Ta ce ita ma jira take. Na ba ta tumatir a kwando, ta tafi.

Na ɗora adakar kan bulo. Idan rana ta yi kyau, in na gama girki, sai in yi alwala in baje warƙoƙin a tsakar gida, in danne kowace da tsakuwa, ina korar kaji. Duk lokacin da maigidana zai shiga birni sai in ce ya biya wajen Malama ya tambayo. Amsar ɗaya ce: tukuna.

A damina ta biyu, ina tsakar gida, na buɗe na malamin Madobi, na tarar warƙoƙin ƙasa sun manne. Na raba su da bakin wuƙa a hankali. Tawadar ta narke, layukan Baba sun zama baƙin tabo guda, har da wurin da ya rubuta addu'a ga wanda ya koya masa. Na daɗe zaune da warƙar a cinyata. Da na ji an fara yayyafi, na tattara sauran na mayar cikin adakar.