Ranar da Gidana Ya Ɗauka Ba Kowa a Ciki

Ko zan shekara ɗari a duniya, akwai wata Talata ta watan Janairu da ba za ta taɓa fita daga raina ba. A ranar, saura ƙiris in yi sanadin mahaifiyata ina zaune a ofis ina kurɓar shayi.

Ni mutum ne mai rawar kai a kan kayan zamani, matata har ta gaji da yi min tsiya. Da muka koma gidanmu na Pleasant Garden, nan ƙasar Turawa, abin da ya fara tsone min ido shi ne tsohon tamostat ɗin da ke jikin bango, wato na'urar da ke kunna hita in gida ya yi sanyi, ta kashe in ya ɗumama. Murɗa shi ake yi da hannu kamar tsohuwar rediyo. Na ce ina, ba dai a gidana ba. Sati biyu na yi ina bincike a waya, har a kan abinci, kafin na zaɓi wanda ya kwanta min. Daga wayata zan riƙa sarrafa shi, yana da ɗan ma'aunin zafi da ake ajiyewa a wani ɗaki, kuma abin da ya fi burge ni, da ya ga wayata da ta matata sun bar gida sai ya rage hita da kansa, tunda ba kowa.

Wata Asabar na kashe wutar gidan daga gareji, na cire tsohon, na ɗauki hoton wayoyin lantarkin don kar in ruɗe. Ja, fari, kore, duk na gane su. Shuɗiyar ce ta shige cikin bango, sai da na yi gumi kafin na zaƙulo ta. Da na maido wuta fuskar na'urar ta haska, na yi ta zagaye falo ina hura hanci.

“Sannu injiniya,” in ji matata. “Allah dai ya sa kar ka dafa mu.”

Bayan wata guda Mama ta iso daga Kano ganin jikanta da aka haifa. Ni ne ɗanta na fari, kuma ita irin iyayen nan ce masu kunya. Ba ta kiran sunana, ba ta roƙona komai. In tana son abu sai dai ta gaya wa matata, ita ma sai an yi da gaske. Ranar da ta zo na ajiye ɗan ma'aunin nan a ɗakinta, na nuna mata na bangon falo, na ce, “Mama, wannan kar ki wahalar da kanki, kar ma ki taɓa shi. Shi yake yin komai da kansa.” Ta ce to. Na ƙara da wata wautar: turaren wutar da take sawa a ɗan kaskonta ya riƙa tayar da ƙararrawar hayaƙi, sai na hau kujera na ciro ta na jefa a durowa.

Ranar Talatar an tashi da sanyi mai shiga ƙashi, ciyawar ƙofar gida ta yi fari fat da ƙanƙara. Na wuce ofis a cikin gari. Matata ta kai jariri allurar rigakafi, daga nan za ta biya wajen ƙawarta a unguwar Sedgefield. Wayoyinmu biyu sun fita, na'ura ta yi aikin da na sa ta. Ta rage hita, ga Mama a ciki. Wallahi ko kaɗan abin bai zo min a rai ba.

Wajen sha ɗaya da rabi na buɗe waya zan nuna wa wani abokin aikina abin da na haɗa, don dai ya yaba min. Sai na ga an rubuta ba kowa a gida, hita a kashe, falo ya yi sanyi ƙalau. Sai a lokacin na tuna Mama tana ciki. Da na duba ma'aunin ɗakin Mama sai na ga shi kuma zafinsa hawa yake yi. Na tsaya ina kallon lambar, ta ƙaru da ɗaya a idona. To me zai ɗumama ɗaki alhali hita a kashe? Nan take na tuno buhun gawayin da nake gasa nama da shi, yana nan jingine a gareji. A Kano in sanyi ya matsa, gawayi Mama take zubawa a kasko ta kai ɗaki. Amma can iska na shiga ta ko'ina. Gidajen nan kuwa a toshe suke ruf, kuma iskar gawayi ba a ganinta, ba a jin warinta, sai dai mutum ya yi barci ya zarce.

Na yi maza na kira ta. Sai da ta kusa tsinkewa ta ɗauka.

“Mama, wuta kika hura a ɗaki?”

“Ɗan gawayi ne kawai,” ta ce, muryarta a hankali kamar mai magana cikin barci. “Kaina ne ke sarawa. Bari in ɗan kishingiɗa.”

“Kar ki kwanta! Mama, don Allah buɗe ƙofa ki fita waje, yanzu!”

Na ji wani ɗan motsi, sai ƙarar abu ya faɗi a ƙasa. Na yi ta kiran Mama, Mama, har mutanen ofis suka miƙe tsaye. Shiru.

Ban san yadda na sauko daga bene ba. Ina gudu na kira lambar gaggawa, na ba su adireshi da lambar buɗe gareji, Turancin ma ya gudu ya bar ni, matar da ta ɗauki kiran sai cewa take in natsu in maimaita. Tafiyar da nake yi kullum a minti ashirin, ranar ji na yi titin ƙaruwa yake. Duk danjar da na tarar ja ce. Bakina ba abin da yake fita sai Innalillahi. Ina tuƙi ina tunanin bakin da zan kira ƙannena da shi in ce musu na ɗauko uwarmu lafiya lau daga gida, na kawo ta ta mutu ita kaɗai a ɗaki. Tsoro irin na ranar ban taɓa jin sa ba.

Da na shawo kwanar layinmu na hango jar motar 'yan kwana-kwana da motar asibiti, ƙofofi da tagogin gidana duk a wangale. An fito da ita a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, an lulluɓe ta da bargo. Daga nesa ban ga fuskarta ba, bargon kawai na gani. Na fito daga mota na durƙushe a kan ciyawa. Wani daga cikin ma'aikatan asibitin ya zo ya dafa ni ya ce tana numfashi, sun sa mata na'urar shaƙar iska. A ƙasa suka same ta, dab da ƙofa, ta toshe ƙasan ƙofar da zani don kar ɗumin ya fita. Ya ce da an ƙara jimawa kaɗan, da labarin ya sha bamban.

Kwana biyu ta yi a asibiti. Da ta dawo hayyacinta matata ta tambaye ta, “Mama, me ya hana ki kira mu?”

Ta ce ta je gaban abin nan na bango har sau uku, hannunta ya ƙage don sanyi, amma ta tuna an ce kar ta taɓa. Kira kuwa, ya za ta ɗaga wa mutum hankali yana wajen neman abincinsa? Sai ta juya kai gefe, ba ta kalle ni ba, ta ce wa matata, “Ki ce masa kar ya sa a ransa. Ni ce da ganganci.”

Nan na fita baranda na yi kuka kamar ƙaramin yaro. Ni na jawo komai, amma ita take ba ni haƙuri.

Abin da na koya shi ne, duk dabarar da zan kawo gida, in fara duba wanda ya fi kowa rauni a cikinsa, ko zai iya da ita. Kuma iyayenmu ba sa faɗin wahalarsu, sai dai su nemi hanyar da suka sani su yi shiru. Tun daga ranar ban ƙara jiran Mama ta ce min wani abu na damunta ba. Ni nake tambaya, in ta ce ba komai, in zauna kusa da ita in sake tambaya.