Alƙiblar Yaya Bu'alam

Yayana Bu'alam ya shiga ƙarƙashin ƙasa yana ango, ya fito da furfura da tarin da ba ya jin magani. Yana cikin waɗanda suka haƙa tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta unguwarmu, a nan Aljiyas. An gama ta har da tayil, an shimfiɗa ƙarafan layin dogo, sai aka ce an canza wa jirgin hanya. Kowa ya watse, shi aka bari gadi. Kullum yana share dandamalin da fasinja bai taɓa takawa ba, yana cewa za a dawo. Matarsa ta gaji ta koma ƙauyensu. Ni da mijina ya rasu na koma dafa wa Yaya kuskus.

Abu ɗaya yake taƙama da shi. "Ban gina gida ba, Zubida, amma sallata ba ta da giɓi. Can ƙasa na tara ta."

Bara muka ji za a toshe ƙofar tashar da siminti. Ya ce sai ya yi raka'a biyu na bankwana. Ya kira Arezki, tsohon abokin haƙarsa, ni kuma na bi su da fitila da filas ɗin gahawa, don ƙafar Yaya ba ta da tabbas.

Matakalar duk kashin tantabaru. Ƙasa ruwa ya kwanta, tayil ya zube kamar haƙoran tsoho. Ɓarayi sun daɗe da kwashe ƙarafan. Amma kibiyar alƙibla tana nan a bango da jan fenti, Yaya yana sabunta ta duk azumi.

"Ga aikin hannuna," in ji Arezki. "Lokacin kai ko gabas ba ka sani ba, jaki."

"Jakin da ya riƙe maka tsani. Da na saki, da tuni an manta sunanka."

Arezki ya yi dariya, ya zaro tsohon kamfas ɗin da ya auna alƙiblar da shi, wai don tuna baya. Ya ɗora a tafin hannu. Sai na ga dariyar ta tsaya. Ya girgiza shi, ya matsa gefe, ya sake dubawa. Allurar ba ta yarda da kibiyar ba, ko kusa.

"Ya lalace," in ji Yaya.

"Bai lalace ba, ɗan'uwa. Ranar da na auna, a kan tulin ƙarafa na ɗora shi. Ƙarfe yana jan allura. Yanzu da babu ƙarfen..." Bai ƙarasa ba.

Na ce, "Yaya, malamai sun ce wanda ya yi iya ƙoƙarinsa babu ramuwa a kansa. Allah ya ga niyya."

"Na sani. Su ma masu jirgin ai niyya suka yi."

Ya tambayi inda ainihin alƙiblar take. Arezki ya nuna bakin ramin nan baƙi ƙirin, ta inda jirgin ya kamata ya ɓullo. Yaya ya ja dardumarsa ya juya can, ya yi raka'o'insa, tari yana katse masa Fatiha. Da ya sallame, ya ɗebi laka ya shafe kibiyar, wai kada wani ya bi. Wa zai bi? Gahawar ma a filas na mayar da ita gida.

Yanzu a ɗakina yake salla, inda nake kallon hasumiyar masallaci ta taga. Duk da haka, in ya ɗaga hannu zai yi kabbara sai ya sauke, ya waigo.

"Zubida, kin tabbata nan ne?"